Ajin feɗe dogayen waƙoƙin tarihi na Telegram: ga abin da na samu da kuɗina

Jama'a masu ta tambayata a kan ajin nan na Telegram da ake koyar da nazarin dogayen waƙoƙi na tarihi da jarumta, toh ga bayanin gaba ɗaya a wuri guda. A taƙaice dai kuɗina bai tafi a banza ba, kuma in aka sake buɗe zagaye na gaba zan ce wa duk mai furojet a kan waƙa ya shiga, amma akwai gyare-gyare kuma zan faɗe su ba ɓoye-ɓoye, dan wanda zai cire kuɗinsa a wannan yanayin da ake ciki ya kamata ya san me zai saya.

Tsarin ba shi da wahala. Wani tsohon malamin adabi ne da ya yi ritaya yake koyarwa, wani matashi kuma yake riƙe da guruf ɗin a matsayin admin, kana tura kuɗi ka tura rasit sai a sa ka. Malam yana sakin lacca ta murya da daddare bayan isha, a haɗo da hotunan shafukan waƙar da za a duba, wani lokaci na boko wani lokaci na ajami, sannan ƙarshen sati a buɗe fagen tambaya kai tsaye, akwai kuma asainmen da kake turawa ya duba da kansa. Kuɗin bai kai abin da nake kashewa a data na wata ɗaya ba, dan haka ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi.

Abin da ya sa nace ajin ya biya kuɗinsa abu ɗaya ne, kuma shi Malam ya yi ta nanatawa tun laccar farko har ta ƙarshe: duk doguwar waƙar tarihi lokaci biyu take ɗauke da shi, akwai lokacin da take ba da labari a kansa, akwai kuma lokacin da aka tsara ta ko aka rera ta, kuma ba za ka taɓa kama jigonta daidai ba sai ka raba waɗannan biyun. Ni ina koyar da Hausa a sakandare kuma ina ƙaro karatu, na san yadda muke yi, a ba ɗalibi waƙa a ce fito da jigo, sai ya kalli sunan waƙar ya rubuta "jigon wannan waƙa shi ne tarihi" shikenan ya wuce salo, sai tarihin mawaƙi a kwafo shi a shafi ɗaya a ajiye can gefe babu abin da ya haɗa shi da baitocin. Malam yace tarihi ai ba jigo ba ne a mafi yawan waɗannan waƙoƙin, kaya ne da mawaƙi ya ɗauko ya yi gini da shi, tambayar ita ce me yake so ya gina, kuma wa yake ginawa.

Da Waƙar Bagauda ya fara, kuma a nan na fi jin daɗin ajin wallahi. Ita wannan waƙa kowa ya san ta da jerin sarakunan Kano, Mervyn Hiskett ya buga ta da fassarar Turanci a mujallar makarantar SOAS ta Landan a 1964 da 1965. Kafin Malam ya ce komai sai ya sa mu yi aiki guda ɗaya mai sauƙi, yace kowa ya ɗauki biro ya bi baitocin, ya sa alama a gefen duk baitin da yake ba da labarin sarki, ya sa wata alamar daban a gefen duk baitin da yake gargaɗi ko tuna mutuwa ko jan kunne a kan duniya, kada wanda ya yi sharhi tukuna. Toh da ka gama wannan ka kalli gefen takardarka, kai da kanka za ka ga ashe wa'azin ba ɗan ƙarin ƙarshe ba ne, shi ne yake riƙe da waƙar, sunayen sarakunan da shekarun da kowa ya yi hujja ce kawai ake jera maka, wane ya yi mulki ya tafi, wane ya yi ya tafi, kai mai sauraro fa. Kenan babban jigo wa'azi ne a kan ƙarewar duniya da mulkinta, tarihin sarauta ƙaramin jigo ne da yake masa hidima. Hiskett ma da ya sa mata take ai ya haɗa biyun, jerin sarakuna da wa'azi, amma mu a aji rabin farko kawai muke riƙewa.

Sai ya kawo littafin Tarihin Kano wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara daga Larabci a 1908 ya ajiye kusa da waƙar. A littafin, Bagauda ya zo ne ya tarar da mutane a gindin Dala, ga zuriyar su Barbushe ga bautar Tsumburbura, aka yi ta fama da su, kuma lissafin Palmer ya sa mulkinsa daga 999 zuwa 1063. A waƙar kuwa Bagauda maharbi ne da ya fito daga Gaya ya sari daji inda babu kowa sai namun dawa, daga baya yunwa ta koro mutane suka taru a wajensa saboda a nan abinci yake. Labari biyu daban a kan mutum ɗaya. Wani a guruf ɗin ya yi saurin tambaya toh wanne ne gaskiya, Malam yace wannan tambayar masu tarihi ce kuma tana da muhimmanci, amma kai mai nazarin waƙa taka tambayar ita ce me ya sa waƙar ta zaɓi daji babu kowa, me hakan yake yi wa saƙonta. In gari ya fara daga kurmin da ba kowa, ya cika ya batse, sarakuna suka yi ta shuɗewa, ai ka riga ka shimfiɗa wa mai sauraro tabarmar wa'azin tun daga baitocin farko. Kuma ya tuna mana shi kansa littafin tarihin ba a zamanin Bagauda aka rubuta shi ba, a kan Sarki Muhammadu Bello ya tsaya, wato gab da Basasar Kano ta 1893, dan haka shi ma yana da nasa lokacin da nasa masu sauraron.

Wani abin da ya ƙara nuna mana shi ne jerin sarakunan waƙar bai tsaya kan Alwali na ƙarshen sarakunan Haɓe ba, ya zarce har cikin sarakunan Fulani, wanda hakan yake nuna maka waƙar ba ta zauna yadda aka fara ta ba, ana ta ƙara mata. Yace ku ɗauke ta kamar gidan gado a cikin birni, kakanni sun yi soro da ƙasa, 'ya'ya sun ƙara ɗaki, jikoki sun zo da bulo, gida ɗaya ne amma mai ido zai gane inda kowane hannu ya tsaya. Saboda haka in ka rubuta a furojet ɗinka "an wallafa wannan waƙa a shekara kaza" ba tare da ka faɗi wane kwafi kake magana a kai ba, ka riga ka yi tuntuɓe tun a share fage.

Laccar ramzi ita ce wadda na fi amfana da ita a aikace. Mun san malaman zamanin da suna rufe waƙa da wata kalma da haruffanta suke ba da shekarar Hijira, amma ba kowa ne ya san hisabin da ake bi a ƙasar nan ba, na Magariba ne, ba na Gabas ba, kuma sun bambanta a wasu haruffa. A na Magariba shinun 1000 ne, a na Gabas kuwa 300 ne. Ya ba mu misali da haruffa uku, shinun da ra da fa, in ka bi namu 1000 da 200 da 80 ka samu 1280, wadda ta faɗo tsakanin 1863 da 1864 a lissafin Miladiyya, in kuwa ka ɗauko jadawalin da ka samu a intanet wanda galibi na Gabas ne sai ka samu 580, ka jefa waƙar baya da shekara 700 cur. Shi ya sa za ka ga ramzin waƙoƙin ƙarni na 19 da yawa suna farawa da shinun. Wannan kaɗai ya isa ya ceci mutum a gaban masu duba furojet.

Daga nan aka shiga Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u, a nan ne maganar lokaci biyu ta fito fili sosai har ta zama uku. Waƙar tana bin sawun Shehu Usmanu da jama'arsa ne, hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, wahalar Tsuntsuwa da Alwasa, faɗuwar Alƙalawa a 1808 inda Sarkin Gobir Yunfa ya mutu, har zuwa rasuwar Shehu a Sakkwato a 1817. Wannan lokaci na farko kenan, kuma ita Nana tana yarinya 'yar wajen shekara 11 aka yi hijirar tunda 1793 aka haife ta. Amma ba a lokacin ta tsara waƙar ba, da Fulatanci ta yi ta wajajen 1839, bayan Gawakuke ta 1836, bayan rasuwar ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, lokacin da waɗanda suka ga abin da idonsu suka fara ƙarewa. Sannan ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa wajajen 1865 bayan ita ma ta rasu. Malam ya tambaye mu, wa yake buƙatar ta da Hausa a 1865 wanda bai buƙace ta a 1839 ba? Nan aka yi ta muhawara mai daɗi, aka kawo maganar 'yan taru, wato matan da Nana ta riƙa ilimantarwa, da matan karkara da jama'ar da suka shigo daular ba su jin Fulatanci ba su kuma ga Shehu ba. Ka ga kenan in ka ce jigonta "tarihin jihadi" ba ka yi ƙarya ba amma ba ka ce komai ba, abin da take yi shi ne dasa wa 'yan baya yadda za su tuna abin, a matsayin tafiya da ta bi sawun hijirar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da jarrabawa da haƙuri da nasara.

Kuma na yaba masa a nan, dan bai ji tsoron ya ce akwai wani ɓangaren ba. Gobirawan da suka koma Tsibiri da Katsinawan da suka kafa Maraɗi suna da nasu labarin waɗannan yaƙe-yaƙen a bakin makaɗansu da dattawansu, kuma ba zai zama iri ɗaya da na Sakkwato ba. Muna da 'yan Nijar a ajin, ɗaya daga cikinsu ya ɗan taɓa abin da ya ji a gida, Malam ya saurare shi da girmamawa, yace mai nazari ba alƙali ba ne tsakanin kakanni, aikinsa ya san daga wace ƙofa mawaƙinsa yake kallon filin daga. Ba a yi rigima ba ko kaɗan, kuma kun san yadda irin wannan magana take saurin zama faɗa a guruf.

Waƙoƙin waje ma an taɓa su. Ya kawo Iliyad ta Girkawa dan ya nuna mana furucin jigo, waƙa mai layi sama da 15,000 amma tun layin farko ta faɗa maka a kan fushin Akilis take, ba tarihin yaƙin Taroyi duka ba, 'yan makonni ne kawai a shekara ta goma ta yaƙin, dokin katakon nan ma da kowa ya sani ba ya cikinta, kuma tsakanin lokacin da ake jin an yi yaƙin da lokacin da aka tsara ta akwai ɗaruruwan shekaru. Ya kawo Sunjata na Mali, yaƙin Kirina wajajen 1235 ne, amma wanda yawancin mutane suka karanta shi ne wanda Djibril Tamsir Niane ya fitar da Faransanci a 1960 daga bakin maroƙi Mamadou Kouyaté, daidai lokacin da Gini ta samu 'yanci a 1958 Mali kuma a 1960, toh dole ka tambayi kanka me labarin wanda ya haɗa kan ƙasa yake nufi ga masu karatu a wannan shekarar. Wanda ya fi tsaya min shi ne na Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, wanda Thomas Hale ya naɗa daga bakin Nouhou Malio a Saga kusa da Yamai a 1980 zuwa 1981. A waƙar, Askiya ɗan 'yar'uwar Sonni Ali ne, ubansa aljani, kuma shi ya kashe kawun nasa a filin idi ya hau mulki. A littattafan tarihin Tumbutu kuwa Sonni Ali ya mutu a 1492 a hanyar dawowa daga yaƙi, ɗansa Sonni Baru ne Askiya ya kayar a 1493. Mawaƙin ya ɗinke juyin mulki ya mayar da shi gado na jini, kuma in ka gane dalilin ɗinkin ka kama jigon.

Toh a nan ƙorafina na farko yake. Duk waɗannan ukun a lacca ɗaya aka cusa su, a guje, ba a ba mu ko shafi ɗaya mu yi aikin biro a kai ba kamar yadda aka yi da ta Bagauda, alhali a tallan ajin an rubuta su da manyan baƙi. Ta Askiya musamman ta cancanci satinta ita kaɗai tunda maƙwabta ne kuma a raye abin yake. Maganar da Ruth Finnegan ta yi a 1970 cewa da wuya a samu irin wannan doguwar waƙar jarumta a Afirka kudu da Sahara, da martanin da Isidore Okpewho ya yi a 1979, ita ma a jimla biyu aka wuce ta, kuma duk mai rubuta babi na biyu na furojet zai ci karo da ita.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, ba mu ji an rera ko waƙa ɗaya ba. Ko ɗaya. Yaya za a yi aji guda a kan waƙoƙin da mutane suka sani ta kunne, waɗanda almajirai da makafi da mata a tsakar gida suke rerawa, amma duk a takarda muka gan su? Malam yana karanta baiti ne kamar yana karanta jarida, kuma ni a ganina rauji yana gaya maka wani abu game da jigo, waƙar da aka ɗora a karin wa'azi tun kafin ka fahimci kalmomin jikinka ya riga ya yi sanyi. Haka ɓangaren waƙar baka, an ambaci turke, wato jigon waƙar baka, da tubalansa kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara, amma ba a ɗauko waƙar fada ko ɗaya an gwada ba, duk aikin a kan hanyar rubutacciyar waƙa ya tafi, jigo da furucinsa da gajarce shi da warware shi, irin tsarin da muka sani na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. Ba laifi ba ne, amma a faɗa tun a talla.

Na uku kuma na admin ne. Odiyon yana da tsawo sosai kuma a dunƙule ake sako shi, ba suna ba lamba, in kana neman inda aka yi maganar ramzi sai ka yi ta ja gaba ja baya, ga natiwok ɗinmu yadda yake. Hotunan ajamin wasu a karkace aka ɗauka, wasu inuwar hannun mai ɗauka ta rufe ƙarshen ɗango, wato daidai inda amsa-amo yake, mun yi magana an ce za a sake turowa, wasu an turo wasu har aka rufe ajin shiru. Lokacin tambaya kuma mutum biyu uku ne suke cinye shi da doguwar gaisuwa da gabatar da kai, mata da yawa a ajin ba su samu sun yi magana ba sai dai su rubuta, kuma ba duk rubutun ake karantawa ba. Wannan abu ne da admin zai iya gyarawa a rana ɗaya in ya sa kansa.

Amma gyaran asainmen, kai, a nan Malam ya cika malami. An ba mu Waƙar Zuwan Annasara ta Sarkin Musulmi Attahiru mu fito da jigo da yanayin da aka yi ta, ka san Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, shi kuma ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Na tura nawa, ya dawo min da shi da jan biro a kan hoton, ba "da kyau" ko "ƙara ƙoƙari" kawai ba, duk inda na faɗi magana sai ya rubuta a gefe "wane baiti?", inda na kawo baiti kuma sai ya rubuta "kafin su iso ko bayan sun iso?", dan mutumin da yake kiran jama'a a yi hijira tun abin bai auku ba daban yake da mai kuka bayan an ci gari. Ya kuma ba ni shawara in nemi ta Alhaji Umaru Salaga, Bakanon da ya zauna a ƙasar Gana ya rasu a Kete Krachi a 1934, in ga yadda wanda ya rayu shekaru a ƙarƙashin Turawan yake ba da labarin zuwansu. Haka ya yi wa kowa, na ga na abokan karatu biyu, ba kwafi ɗaya yake manna wa mutane ba.

Wanda ajin zai yi wa amfani: ɗaliban NCE da na digiri masu furojet a kan rubutacciyar waƙa, malaman sakandare irina, da duk wanda yake iya ɗan karanta ajami ko yake shirye ya koya. In waƙar baka kake nazari, su makaɗan fada da na maza, ka ɗan jira ka ga ko za su ƙara wannan ɓangaren. In kuma satifiket kake nema, babu, ba sa bayarwa kuma sun faɗa tun farko. Na rubuta wa admin buƙatu uku, a yanka odiyo gajeru a sa musu suna, a samo mai rerawa ko da tsohon kaset ne, a ware wa waƙar Askiya satinta, yace zai isar wa Malam kafin a buɗe rajistar gaba.